Shingen da Jatau Ya Ƙi Kafawa

A wani ƙauye na bakin kogi an yi wani mutum, sunansa Jatau. Manomi ne kamar kowa, amma abin da aka fi saninsa da shi aikin itace ne. In dangar wani ta kwanta, Jatau za a aika a kira. In za a kafa dirkokin rumfa, ko a ɗora sabon rumbu, sai a jira shi ya zo ya sa ido. Yakan ƙwanƙwasa gungume da ƙeyar gatari, ya kasa kunne, ya gaya maka ko gara ta riga ta cinye cikinsa. Matarsa Saraya mace ce marar yawan magana. Su biyu ne kaɗai a gidan, furfura kuwa ta fara bayyana a kansu.

A wata shekara aka yi marka irin wadda ko tsofaffin garin ba su taɓa gani ba. Kogi ya cika ya batse, ya haura gaɓa, ya ci fadama, ya ci gonaki, daga nan ya shigo cikin gari. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, gama ruwan bai zo da gaggawa ba. Kwana uku yana hawa kaɗan-kaɗan, har kowa ya gane ba tsayawa zai yi ba. Mutane suka ɗaure abin da za su iya ɗauka, suka watse. Waɗansu suka nufi wurin dangi a garuruwa masu nisa, waɗansu suka bi 'ya'yansu birni. Maƙwabta suka roƙi Jatau ya zo su tafi tare, ya ƙi. Ya ce shi ba zai je inda idonsa ba zai kai ga gidansa ba.

Yamma da ƙauyen, tafiyar safiya ɗaya, akwai wani dogon tudu a tsakiyar daji. Ba mai zama a kansa, sai dai mafarauta sukan ya da zango su wuce. Can Jatau ya kai matarsa, da awakinsu huɗu, da buhun dawa, da tukwane biyu, da gatari da adda da dagi. Abin da ya sa ya zaɓi wurin shi ne, in mutum ya tsaya a ƙololuwar tudun ya fuskanci gabas, yakan ga ruwa shimfiɗe har iyakar gani, a tsakiyarsa kuma kawunan giginyoyin ƙauyensu suna tsaye. Jatau ya san su ɗaya-ɗaya. Ta uku daga hagu, wadda ta ɗan karkata, ita ce ta ƙofar gidansa.

A yini ɗaya ya haɗa bukka da rassa da ciyawa, aikin da in a gari ne da ya ji kunyar a ce nasa ne. Saraya ta jera duwatsu uku a bakin bukkar ta yi murhu. Ya ce mata kada ta wahal da kanta da gyaran wuri, zaman kwana bakwai ne, in ya yi yawa goma.

Amma tudun nan yana da halinsa. Kowace la'asar iska takan taso daga gabas, ta bi ta kan ruwan ta ɗebo sanyi da laima, ta zo ta bugi tudun ba abin da ya tare ta. Wata rana da hadari take zuwa, wata rana ita kaɗai. In Saraya ta hura wuta, sai harshen wutar ya kwanta ya nufi yamma, gindin tukunya bai ji komai ba. Itacen da zai yi kwana uku a gida, a nan girki ɗaya ke cinye shi, tuwon kuma ya sauka da ɗanyen gari a tsakiya, toka a sama. Sau da yawa iskar takan watsa garwashin gaba ɗaya, sai an sāke daga fari. Don haka Saraya ta koyi durƙusawa tsakanin iska da murhu, ta ba gabas baya, ta mai da jikinta kariya har abinci ya nuna.

A rana ta biyar ta ce masa, "Maigida, da ka kafa mini ɗan shinge ta nan gabas, ko na gumagumai ne, don wutar nan ta sami sukuni."

Jatau ya ce bai ga amfanin haƙa rami a wurin da za su bari nan da 'yan kwanaki ba. Ya ce a ganinsa, ranar da ya kafa itace a tudun nan, kamar ya gaya wa Allah ne ya haƙura da gida. Akwai kuma dalilin da bai faɗa ba. A gefen murhun akwai wani faffaɗan dutse inda yakan zauna, daga kansa kuma ido yana miƙewa sak zuwa giginyoyin. Shingen da za a kafa ta gabas, daidai tsakaninsa da su zai tsaya.

Kwana bakwai suka wuce, goma suka wuce. Jatau ya sassaƙa sanda ya gangara bakin ruwa, ya kafa ta daidai inda ruwan ya tsaya, bayan kwana biyu-biyu yakan je ya duba. Wata rana ya tarar ruwan ya ja da baya kamar taƙi ɗaya, ya hawo tudu da sauri kamar saurayi, yana cewa su fara ɗaure kaya. Kashegari aka yini ana ruwan sama. Da ya koma, sai ya ga sandarsa tsaye cikin ruwa har rabinta.

Sauran lokacinsa a kan dutsen nan yake ƙarewa. Yana zaune yana bin ƙauyen a zuci, gida-gida. Nan zauren Barau maƙeri, inda ake jin guduma tun kafin rana ta fito. Nan rijiyar da shi da hannunsa ya jera wa itace a baki. Nan ɗakin sujada, da ƙarfen da ake bugawa ranar Lahadi, wanda ƙararsa takan kai har fadama. Yakan tuna dawarsa da ya bari ta fara fid da kai. Yakan tuna warin daddawar maƙwabciyarsu, wanda ya sha yin ƙorafi a kansa, yanzu kuwa da zai ji shi da ya gode wa Allah. Wani lokaci in iskar ta zo sai ya buɗe hanci ya shaƙa, don ta wajen gida ta biyo, ko da yake ba abin da ke cikinta sai ƙarnin laka.

Abin da ya fara ci masa rai shi ne Saraya. Tun da suka hau tudun bai ga ta ɗaga ido ta dubi gabas ba. Da safe ta share bakin bukka, ta tatsi akuya, ta shiga daji ta tsinko tafasa ta shanya. Ta saro ƙaya ta kewaye wa awaki makwanci. Jatau yana ganin wannan duka yana cewa a ransa, ashe akwai mutumin da za a raba da gidan shekara talatin, ya kama shara a daji kamar ba abin da ya faru. Bai faɗa mata ba. Amma maganarsa da ita ta ragu, in ta kawo abinci ya ci yana kallon wani wuri.

A mako na uku tari ya kama ta. Da fari da safe ne kawai. Daga baya ya zama in ya taso mata sai ta dafa ƙasa. Ta sāke yi masa maganar shingen, a hankali. Wannan karon kunya ta kama shi, ya tashi ya saro waɗansu rassa ya jingina su kudu da murhun, inda ba za su tare masa ido ba. Shi da ya fi kowa sanin aikin nan a ƙauyensu, ya san na banza ya yi. Saraya ta dubi rassan ta ce masa sannu da aiki. Kafin rana ta faɗi iska ta kwashe su ta zubar a gangare.

Ranar da suka cika wata ɗaya da kwana huɗu, Jatau ya gangara duba sandarsa. Ruwan yana nan inda yake, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ya daɗe a tsaye, har ya shiga ciki zuwa gwiwa, yana ji kamar ya yi ta tafiya kawai sai ya kai ƙofar gidansa. Sai da rana ta karkata ya hawo.

Bai tarar da Saraya a bakin murhu ba. Wuta a mace, tukunya a kife. Gabas da murhun ya ga gumagumai biyu a yashe, da alamar jan abu a ƙasa ta gangara gefen tudu. Ya bi alamar. Can ƙasa ya same ta zaune jingine da gungume na uku, ta ɗaura masa igiyar awaki, bakin igiyar nannaɗe a hannunta. Tafin hannuwanta sun saluɓe, numfashinta yana fita da ƙyar, tana so ta tashi ta kāsa.

Tsoro ya kama shi, tsoron kuwa ya fito masa da faɗa, kamar yadda yakan yi wa maza da yawa. Ya tambaye ta wa ya sa ta wannan aiki, ko so take su dawwama a dajin nan. Sa'an nan abin da ya daɗe yana ɓoyewa ya suɓuce masa daga baki. Ya ce, "Ke dai gida bai dame ki ba. Wata guda ke nan muna nan, ban ga kin waiwayi gabas ko sau ɗaya ba."

Saraya ta jira tarin ya sake ta. Sa'an nan ta ce, "Baban Rahila."

Shekara shida ke nan rabon da ta kira shi da sunan nan. Rahila ita ce 'yar da Allah ya ba su, ita kaɗai, ta kuwa rasu tana 'yar shekara goma sha huɗu, bayan zazzaɓin kwana biyar. A bayan gidansu aka binne ta, kowace safiya kuma sai Saraya ta share wurin kafin ta share tsakar gida. Tun rasuwar ba su ƙara ambaton sunanta a tsakaninsu ba, kowa yana gudun kada ya fama wa ɗan'uwansa ciwo.

Ta ce, "Na duba, ranar da muka zo. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa. Kai ba ka gani ba, kana haɗa bukka. Kai kana da giginyarka da kake hangowa. Ni abin da nake so in gani yana ƙarƙashin ruwa. In na ƙara dubawa ba zan iya tashi in hura wuta ba, in ban hura ba kuwa, me za ka ci?"

Jatau ya tsuguna kusa da ita.

Ta ce, "Na fi ka son komawa. Amma da ƙafata nake so in koma, ni da kai. Ba na so ka haƙa mini rami a tudun nan, ka gangara kai kaɗai."

A ranar ne Jatau ya dubi matarsa sosai, karo na fari tun da suka bar gida. Ya ga yadda wuyanta ya rame, ya ga idanunta sun yi ja don hayaƙi, ya ga bakin zanenta duk tartsatsi ya huda shi. Ya kwance igiyar daga hannunta a hankali, ya tallabe ta suka hau. Ya kwantar da ita a bukka, ya ce yau shi zai dama kunu. Ya durƙusa inda takan durƙusa, ya ba gabas baya. Kafin ruwa ya tafasa sanyi ya ratsa rigarsa ya shiga ƙashin bayansa, hayaƙi kuma yana juyowa yana cika masa ido. Sau biyu wutar tana mutuwa. Ya ce a ransa, ashe wannan take sha kullum, ni ina zaune taku uku daga nan.

Kashegari da sassafe ya wasa gatarinsa.

Da dirkoki ya fara. Ya zagaya gefen tudun har ya sami kirya, gama ya san ita ce gara ba ta ci da wuri, ya saro guda shida masu kaurin damtse, kowace ta ɗan fi shi tsawo. Ya fiƙe gindinsu ya babbaka a wuta, don su jure laimar ƙasa. Sa'an nan ya tsaya a bakin murhu ya auna taku uku zuwa gabas, ba kusa ba kada wuta ta kama shingen, ba nesa ba kada iska ta zagayo ta sauka a kan tukunya. Ya ja layi da ƙafa, ya ɗauki dagi. Ramuka shida ya haƙa, biyu-biyu, zurfin kowanne kamu guda, tsakanin kowane biyu kuma ya bar fili daidai kaurin gungume. Ya kafa dirkokin, ya cusa tsakuwa a gindinsu ya daddaɓe, har in ya jijjiga ba su motsi.

Daga nan sai gumagumai. Bai sare ɗanyen itace ba, daji cike yake da waɗanda suka faɗi suka bushe. Kowanne sai ya ƙwanƙwasa ya ji, wanda ya ji cikinsa rami ne ya bar shi. Waɗanda Saraya ta jawo su ya fara sawa a ƙasa, gama su ne mafi kauri, yana mamakin yadda ta iya jan su. Yana zura su tsakanin dirkokin ɗaya bisa ɗaya, in gindin wannan ya dubi kudu, gindin na samansa ya dubi arewa, don kada shingen ya karkata. Saraya tana zaune a bakin bukka lulluɓe da bargo, tana murza ɓawon kalgo da yatsu tana yin igiya. Ya hana ta saboda hannun, ta ce in ba ta yi ba zaman zai yi mata tsawo.

Hannuwansa suka tuna aikinsu. Tun da suka bar gida bai ji ƙarfi a jikinsa ba sai ranar. Har Saraya ta ji yana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa, shi bai ma sani ba.

Yini biyu aikin ya ci. A na biyun, da shingen ya kai masa cinya, ya zauna a kan dutsensa ya huta. Ya ɗaga ido, ruwan ya ɓoye, amma kawunan giginyoyin suna nan daidai saman gungume na ƙarshe. Ya san in ya tsaya haka iska za ta tsallako ta sami wutar. Dole shingen ya kai ƙirji. Saura gumagumai uku. Ya daɗe yana duban mai karkatar nan ta ƙofar gidansa. Saraya tana kallonsa. Sai ya tashi ya ɗora na fari, ya ɗora na biyu, ya ɗora na uku. Ya ɗaure kawunan dirkokin biyu-biyu da igiyar kalgo, don kada nauyi ya buɗe su. Ya tokare shingen ta ciki da gwafa biyu, ya kwaɓa laka da ciyawa ya toshe kafofin da ke tsakanin gumaguman. Da ya koma ya zauna a kan dutsen, ba abin da ke gabansa sai itace da laka.

La'asar ta yi, iska ta taso kamar kullum. Suka ji ta tana dukan shingen, tana kuka ta samansa tana wucewa. Amma harshen wutar ya miƙe tsaye ya lashi gindin tukunya, ɗumin kuma ya bugi gumagumai ya dawo musu. Ran nan tuwo ya nuna har ciki. Suna cikin ci Jatau ya ce ya tuna yadda Rahila takan kankare ƙanzo ta ɓoye, ta ce na Baba ne, kada kowa ya taɓa. Saraya ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, shi ma hawaye suka zubo masa bai share ba. Suka yi ta maganarta har wutar ta zama garwashi. Sa'an nan suka yi addu'a tare, abin da suka daina tun hawan tudun, kowa yana yin tasa a ɓoye.

Kada wani ya ce shingen ya cire wa Jatau begen gida. Kowace safiya yakan zagaya bayansa ya tsaya ya dubi gabas, zuciyarsa tana ciwo kamar dā. Sai dai yanzu in ya gama dubawa yakan dawo ya ɗebo ruwa, ya faskara itace, ya gyara rufin bukkar da ya yi wa aikin gaggawa. Tarin Saraya ya yi ta raguwa. Wata safiya yana shirin zagayawa ta ce ya jira ta. Ta riƙe hannunsa suka fita bayan shingen, ya nuna mata giginyar ƙofar gida, ita kuma ta auna da ido inda bayan gidan zai kasance. Ta daɗe tana kallon ruwan wurin. Wannan karon ba ta faɗi ba, gama yana riƙe da ita. Sa'an nan ta ce su koma, kunu zai huce.

Sai da suka ƙara wata ɗaya da rabi kafin ruwan ya janye. Suka gangara su biyu da ƙafafunsu, awaki a gaba. Gidan ya rushe, gonar ta zama laka, aiki mai yawa yana jiransu. Amma ƙasar tana nan, wurin da aka kwantar da Rahila ma yana nan. Shingen kuwa suka bar shi tsaye a kan tudu, don duk wanda zai ya da zango bayansu.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Ƙauyen nan shi ne gidanmu na gaskiya, wurin da Ubangiji ya shirya wa masu ƙaunarsa, inda waɗanda suka riga mu suke hutawa. Tudun kuwa duniyar nan ce. Zango ne, ba wurin dawwama ba, ba kuma wanda aka gaya wa ko kwana bakwai zai yi ko shekara saba'in. Jatau bai yi laifi ba da ya yi begen gida. Mai bin da zuciyarsa ba ta taɓa yi masa ciwo don gidan Ubansa ba, ya kamata ya binciki kansa. Ni kaina, da na raka mutane da yawa daga ikkilisiyar nan zuwa makwancinsu, akwai safiyar da nakan tashi ba abin da nake so sai in gan su.

Inda Jatau ya ɓata shi ne, ya ɗauka ƙaunar gida ita ce ƙin kula da zango. Ya ga kamar in ya kafa itace ɗaya ya ci amanar abin da ya bari. Ku lura kuma da inda iskar take fitowa. Daga wajen gida take zuwa. Sau da yawa abin da yake kashe mana wuta ba mugun abu ba ne. Abin da muke ƙauna ne muka rasa, muka zauna muka zuba masa ido har muka manta da masu rai a gefenmu. Akwai a cikinmu waɗanda suka baro garuruwansu ba da sonsu ba. Akwai wadda mijinta ya rasu. Akwai wanda yake cewa sai ranar da abubuwa suka koma yadda suke a dā zai dawo sujada, zai shirya da ɗan'uwansa, zai zauna ya yi hira da 'ya'yansa. Ranar nan kuwa ba a hannunka take ba. Ruwan na Allah ne, shi ya san lokacin janyewarsa, sandar da kake zuwa dubawa ba ta rage shi ko da taƙi ɗaya.

Wutar murhu ita ce bangaskiya, da ɗumin da ke tsakaninka da mutanen gidanka. Shingen da zai kāre ta ba wani abin al'ajabi ba ne. Jatau bai aika an sayo komai daga birni ba. Itacen da ke yashe kusa da shi ya ɗauka, da sana'ar da Allah ya riga ya sa a hannunsa. Addu'ar safe tare da iyali gungume ne. Haka karanta Maganar Allah ko da layi biyu ne, da zuwa taron masu bi ranar da ba ka jin zuwa, da aikin hannunka in ka yi shi da gaskiya. Ɗaya bisa ɗaya ake ɗora su. Kun kuma ga biyu-biyu aka kafa dirkokin nan, aka ɗaure kawunansu. Da guda-guda aka kafa su, da gumaguman sun gangare tun iskar fari. Haka yake da mai bin da ya ware kansa shi da baƙin cikinsa.

Kada kuma ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci don ba ka ga hawayensa ba. Wata guda Jatau yana zargin matarsa da mantuwa, alhali ita ce ciwonta ya fi zurfi. Wanda ka ga yana shara yana girki bayan rashi, ba lalle ya manta ba. Mai yiwuwa ne ya san in ya zauna ba zai iya tashi ba.

Jatau da Saraya sun koma gida. Mu har yanzu muna kan tudu. Ba a hana ka zagayawa da safe ka dubi gabas ba. Ka duba, ka yi kuka in kukan ya zo, Ubangiji ba ya raina shi. Amma in an tashi daga sujada yau, ka dubi wanda ya daɗe durƙushe tsakanin iska da wutar gidanku, kai kana zaune taku uku daga wurinsa. Wataƙila matarka ce, wataƙila mahaifiyarka, ko 'yar'uwar nan da ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ka tambaye ta abin da take ɗauke da shi, ka saurara har ta gama. Sa'an nan ka ɗauki gatarinka tun da sauran lokaci, domin ranar da Ubangiji ya ce ruwa ya janye, ku gangara tare.